Halilu ɗan Ahmadu, Malamin Basra da ya Ƙirga Kalmomin Larabci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam harshe, ya sanar da shi ƙidaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Akwai wani babi a cikin lissafin makarantun sakandare da ke ba ɗalibai da yawa wuya, watau babin ƙididdiga da lissafin yiwuwar aukuwar abu. A cikinsa ne akan tambayi yaro ta hanya nawa mutum uku za su iya jeruwa a kan benci ɗaya, ko kuwa in an zuba tsakuwa farare da baƙaƙe cikin jaka aka zura hannu ba a duba ba, mene ne rabon fara wajen fitowa. Waɗansu iyaye kuma, da sun ji ana misali da jefa kwabo ko da karta, sai ransu ya ƙi abin, su zaci koyon caca ne aka shigo da shi aji. Tarihin malamin da ke cikin filin wannan mako ya isa ya kwantar da hankalin ɗalibi da na mahaifinsa. Gama ƙirgar da wannan babi ya ginu a kanta, wani malami mai gudun duniya ya yi aiki da ita a birnin Basra tun ƙarni na 2 na Hijira, domin hidimar harshen Alƙur'ani. Wannan malami shi ne Halilu ɗan Ahmadu Alfarahidi, malamin Sibawaihi.

Asalinsa da garinsa

Sunansa Halilu ɗan Ahmadu ɗan Amru ɗan Tamimu, alkunyarsa kuwa Abu Abdurrahman. Balarabe ne na ƙabilar Azdu, daga zuriyar da ake kira Farahid, shi ya sa ake ce masa Alfarahidi. An haife shi a shekara ta 100 bayan Hijira, daidai da 718 ta Miladiyya, a zamanin halifancin Umaru ɗan Abdul'azizu. Ana danganta asalinsa da ƙasar Oman, amma a Basra ta ƙasar Iraƙi ya tashi, nan ya yi karatu, nan ya karantar, nan kuma ajali ya same shi. Waɗansu masana nasaba sun ce mahaifinsa ne mutum na farko da aka raɗa wa suna Ahmadu bayan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Basra dai gari ne da Utbatu ɗan Gazwan ya kafa a zamanin Sayyidina Umaru don ya zama sansanin mayaƙa. Kafin Halilu ya girma, sansanin nan ya zama babban birni inda Larabawa da Farisawa da sauran al'ummu suka cakuɗu, jiragen ruwa na kawo hajja daga Indiya, ayarin raƙuma na fitowa daga sahara. A bakin garin akwai kasuwar Mirbad, wadda asalinta kasuwar raƙuma ce, inda Larabawan ƙauye ke sauka, mawaƙa kuma ke taruwa suna baje kolinsu.

Wannan cakuɗuwa ta zo da alheri, ta kuma zo da abin tsoro. Kuskure ya fara shiga bakin mutane, har da 'ya'yan Larabawa da aka haifa a birni. A harshen Larabci kuwa wasali ɗaya in ya gurɓace yana iya mayar da mai aikatawa ya koma wanda aka aikata wa, ma'anar aya ta juye. Saboda haka malaman Basra suka ɗaura ɗamarar tattara harshen daga bakin masu shi tun bai salwanta ba. A cikin wannan aiki Halilu ya buɗe ido.

Malamansa da halinsa

Ya yi karatu wurin Abu Amru ɗan Ala'i, ɗaya daga cikin limaman ƙira'a bakwai, da kuma Isa ɗan Umar Assaƙafi, wanda ke cikin magabatan malaman nahawu. Ya ji hadisi daga Ayyuba Assahtiyani da Asimu Al'ahwal. Bai tsaya ga zauren malamai kaɗai ba. Yakan shiga daji wurin makiyaya, ya saurari yadda suke magana, ya hardace. Sa'ad da Kisa'i, malamin Kufa wanda shi ma yana cikin limaman ƙira'a bakwai, ya zo Basra ya tambaye shi inda ya samo wannan ilmi, sai Halilu ya nuna masa dazuzzukan Hijaz da Najadu da Tihama. Kisa'i kuwa bai yi wata-wata ba, ya kama hanya.

Duk waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan abu biyu, kaifin basirarsa da gudun duniyarsa. An ruwaito cewa ya taɓa zama da Ibnul Muƙaffa'i, shahararren marubucin nan da ya fassara Kalila wa Dimna, suka daɗe suna tattaunawa. Da suka rabu aka tambayi kowannensu yadda ya ga ɗan'uwansa. Halilu ya ce ya ga mutumin da ilminsa ya fi hankalinsa yawa, shi kuwa Ibnul Muƙaffa'i ya ce ya ga mutumin da hankalinsa ya fi ilminsa yawa.

Wajen gudun duniya kuwa, almajirinsa Nadru ɗan Shumailu ya ba da shaida cewa Halilu ya zauna cikin wata bukkar kara a Basra, bai mallaki abin kirki ba, alhali almajiransa suna can suna tara dukiya da ilmin da suka kwasa a wurinsa. Wani gwamna mai suna Sulaimanu, wanda ke riƙe da ƙasar Ahwaz, ya aiko masa da manzo yana neman ya je ya karantar da 'ya'yansa. Sai Halilu ya ɗauko busasshiyar gurasa ya miƙa wa manzon, ya sanar da shi cewa ba shi da wani abinci sai ita, kuma muddin yana samunta ba shi da bukatar zuwa ƙofar gwamna. An kuma ruwaito cewa ya kasance yakan yi aikin hajji shekara guda, shekara mai biye ya fita tare da mayaƙan Musulmi, haka ya riƙa yi tsawon rayuwarsa. Ya ga faɗuwar daular Umayyawa a shekara ta 132, ya ga an gina Bagadaza a shekara ta 145, malamai suna ta kwarara can neman kusanci da fada, shi kuwa yana nan cikin bukkarsa.

Babban almajirinsa shi ne Sibawaihi, Bafarishe, mai littafin nan da ake kira Alkitab, wanda shi ne uwar littattafan nahawu. Sibawaihi ya ambaci ra'ayin malaminsa a cikin littafin fiye da sau 500. Malamai sun ce duk inda ya rubuta cewa ya tambaye shi, bai faɗi suna ba, to, Halilu yake nufi. Cikin almajiransa kuma akwai Asma'i, da Mu'arriju Assadusi, da Laisu ɗan Muzaffar wanda labarinsa ke tafe.

Wasullan da almajiri ke karantawa

Aikin Halilu da ya fi kowane shiga gidajen Musulmi shi ne gyaran wasulla. Tun kafin zamaninsa Abul Aswad Addu'ali ya ƙago hanyar nuna wasali da ɗigo na jar tawada, ɗigo a bisa harafi, ko a ƙasansa, ko a gabansa. Daga baya aka ƙaro waɗansu ɗigogin don bambanta haruffa masu kama da juna, kamar ba da ta. Ɗigo ya yi yawa a takarda, mai karatu yana iya rikicewa. Sai Halilu ya ɗauko siffar wasullan daga haruffan da suke 'yan'uwansu: ƙaramin alif a kishingiɗe ya zama wasali bisa, ƙaramin wawu ya zama rufu'a, wasali ƙasa kuma aka samo shi daga ya. Alamar shadda ya ciro ta daga kan harafin shin, alamar hamza kuwa daga kan ainu. Marubuta Alƙur'ani sun jima suna riƙe da ɗigon Abul Aswad don girmama magabata kafin su karɓi sabuwar hanya, amma a ƙarshe ita ta game duniya. Duk almajirin da ya ɗauki allo ya shiga farfaru, da alamomin da suka samo asali daga wannan malami yake karatu, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Yadda ya fito da ilmin aruli

Masu tarihi sun ce Halilu ya yi addu'a a Makka, ya roƙi Allah ya ba shi ilmin da babu wanda ya riga shi zuwa gare shi. Da ya komo daga hajji sai aka buɗe masa ilmin aruli, watau ilmin awon waƙa. Ana cewa wucewa ya yi ta kasuwar maƙeran tagulla, ya ji yadda guduma ke sauka a kan tasa da amo iri-iri, sai ya fara auna baitoci da wannan bugu. Ya kuwa san ilmin sauti da kiɗa, har ana jingina masa littafi a kansu. An ruwaito cewa wata rana ɗansa ya shigo ya same shi yana yanyanka baiti gaɓa-gaɓa shi kaɗai, sai yaron ya fita yana shaida wa mutane wai babansa ya zautu.

Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin Halilu, kunnensu ne ma'auninsu. Abin da ya yi shi ne ya bi waƙoƙinsu ya rarrabe haruffa masu wasali da masu ɗauri, ya fitar da karuruwa 15, ya tsara su cikin da'ira biyar. Da'ira ta farko ta ƙunshi Ɗawil da Madid da Basiɗ, ta biyu Wafir da Kamil, ta uku Hazaj da Rajaz da Ramal, ta huɗu ta ƙunshi guda shida, ta biyar kuwa Mutaƙarib. Daga baya aka ƙara na 16, wanda ake jingina wa Ahfash, almajirin Sibawaihi.

Hikimar da'irar nan ita ce abin lura. Ana zana zobe, a jera alamomin wasali da ɗauri kewaye da shi. In an fara karantawa daga wannan gaɓa sai wani kari ya fito, in an matsa gaba aka fara daga wata sai wani dabam ya fito, har a zagayo. A da'ira ta farko wuraren farawa biyar ne. Uku sun ba da karuruwan da Larabawa suka yi waƙa da su, biyu kuwa sun ba da awon da zai yiwu amma Larabawan farko ba su yi waƙa a kansa ba. Ashe tun a nan Halilu ya kama hanyarsa: ya fara lissafa duk abin da zai yiwu, sa'an nan ya duba wanne ne ya auku, wanne ne bai auku ba.

Wannan ilmi ya iso ƙasar Hausa tare da littattafai. Burda a kan Basiɗ take, Ishiriniya a kan Ɗawil, Alfiyyar ɗan Maliki a kan Rajaz. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da sauran malaman jihadi sun yi waƙoƙinsu na Larabci a kan waɗannan karuruwa, marubuta waƙoƙin ajami kuma suka ɗora Hausa a kan da yawa daga cikinsu.

Littafin Ainu da ƙirgar kalmomi

Kafin Halilu, masu tattara lugga sukan rubuta ƙananan littattafai ne, wannan a kan sunayen raƙumi, wancan a kan doki ko ruwan sama. Duk abin da malami ya ji ya rubuta, abin da bai ji ba ya wuce shi. Halilu ya ga cewa ta wannan hanya ba wanda zai taɓa tabbata ya game harshen, domin mai tsintar kalma ba ya sanin yawan abin da ya bari a baya. Sai ya nemi hanyar da kalma ba za ta kuɓuce ba.

Da farko ya jera haruffa bisa mafitarsu, daga maƙogwaro zuwa leɓe. Yakan buɗe baki da alif ya tsaya a kan harafin, ya ji daga inda yake fita. Ya fara jerin da ainu, ya bi da ha ƙarami, har ya ƙare da haruffan leɓe da haruffa masu illa. Da wannan harafi na farko aka sa wa littafin suna, Kitabul Aini, wanda shi ne ƙamus na farko da ya nufi tattara harshen Larabci gaba ɗaya.

Sa'an nan ya lura cewa tushen kalmar Larabci ba ya wuce haruffa biyar, kuma kowane gungun haruffa yana da adadin jujjuyawar da ba ya ƙetarewa. Haruffa biyu suna jeruwa ta hanya 2, uku ta hanya 6, huɗu ta hanya 24, biyar ta hanya 120. Wannan yana nan a gabatarwar littafin. Ga misali da haruffa uku, ba da ha ƙarami da ra. Daga cikinsu ake samun baharu watau teku, da baraha watau gushewa, da hibru watau tawada, da harbu watau yaƙi, da ribhu wadda Hausa ta ara ta ce riba, da rahbu watau yalwa, inda marhaban ta fito. Shida ke nan cif, ba ta bakwai. A ƙarƙashin kowane gungu littafin yakan nuna waɗanda Larabawa ke amfani da su, ya kira su musta'amal, waɗanda suka bari kuwa muhmal ke nan.

Dalilin waɗannan adadi ba boyayye ba ne. In haruffa uku ne, gurbin farko yana da zaɓi 3, in an cika shi na biyu yana da 2, na ƙarshe 1, sai a ninka su a sami 6. In huɗu ne a ninka 6 sau 4 a sami 24, in biyar ne a ninka 24 sau 5 a sami 120. Haka kuma in aka ɗauki haruffa 28 ba tare da maimaita harafi ba, tushe mai haruffa biyu zai zama 28 sau 27, watau 756. Mai uku, a ƙara ninkawa sau 26, a sami 19,656. Mai huɗu, sau 25, ya zama 491,400. Mai biyar, sau 24, ya zama 11,793,600. Jimla ita ce 12,305,412. Wannan jimla ce Imam Suyuɗi ya kawo a littafinsa Almuzhir, a cikin abin da aka ruwaito daga Halilu. Ibn Haldun ma ya yi bayanin hanyar ƙirgar a Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa in an haɗa harafin farko da 27 da suka rage, na biyu da 26, haka har zuwa 1, za a sami 378, in an juya kowace kuma a sami ninkinsu, watau 756.

Ƙirgar nan ta zame masa makami na tsare harshe. Ya lura cewa akwai haruffa shida masu sauƙi a baki, ra da lam da nun da fa da ba da mim, kuma kusan babu kalmar Larabci mai tushe huɗu ko biyar da ta rasa ɗaya daga cikinsu. Ja'afar yana da fa da ra, dirhami yana da ra da mim, safarjal yana da uku. Waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida a cikin masu haruffa huɗu, ya ce ba su wuce kamar goma ba, irin su asjad, watau zinariya. Saboda haka ya gargaɗi almajirinsa cewa in an kawo masa doguwar kalma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin shidan nan, ya sani ƙirƙirarriya ce, gama akwai masu wayo da ke cusa wa Larabci abin da ba nasa ba don su ruɗar da mutane.

Malamai sun yi saɓani a kan ko Halilu ne ya rubuta littafin har ƙarshe. An ruwaito cewa littafin bai bayyana a Basra ba sai a shekara ta 248, sa'ad da wani mai sayar da littattafai ya zo da shi daga Hurasan ya sayar dinari 50. Waɗansu suka ce a cikinsa akwai kurakuran da ba su dace da matsayin Halilu ba. Maganar da mafi yawa suka tsaya a kanta ita ce tsarin da gabatarwar nasa ne, almajirinsa Laisu ɗan Muzaffar ne ya cika sauran. Manyan ƙamusoshi kamar Tahzib na Azhari da Muhkam na Ibn Sida sun bi tsarinsa, daga gare su kuma Lisanul Arab ya ɗebo. An buga littafin Ainu cikakke a Bagadaza, juzu'i 8, tsakanin 1980 da 1985.

Abin da ɗalibin lissafi zai ɗauka

Duk tambayar da ke cikin babin yiwuwa, a matakin farko, ƙa'ida ɗaya take bi. A ƙirga duk abin da zai iya aukuwa, a ƙirga wanda ake nema daga ciki, sa'an nan a ɗora na biyu bisa na farko, muddin kowane yana da rabo daidai da ɗan'uwansa. A rubuta ba da ha da ra a kan 'yan takardu uku, a zuba cikin ƙwarya, a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya ba a duba ba. Jerin da zai yiwu 6 ne, wanda ke ba da baharu 1 ne, rabonsa ɗaya bisa shida, watau sudusi. Waɗanda suka fara da ra biyu ne, ribhu da rahbu, rabonsu biyu bisa shida, watau sulusi. Mafi yawan kuskuren ɗalibai a jarrabawa daga nan yake fitowa, yaro ya yi gaggawar ba da amsa bai gama ƙirga abin da zai yiwu ba, ko ya manta cewa takardar da aka zaro ba ta koma cikin ƙwarya ba.

Ita kuwa ƙididdiga aikinta duba abin da ya auku a zahiri, a gwada shi da abin da lissafi ya nuna. Ƙa'idar haruffa shidan nan misali ce mai kyau. In an cire su daga 28 saura 22. Jerin haruffa huɗu da za a iya yi da 22 shi ne 22 sau 21 sau 20 sau 19, watau 175,560, daga cikin 491,400. Wannan ya ɗara sulusi kaɗan. Da a ce kalmomi suna haɗuwa ne kara-zube, da fiye da sulusin masu haruffa huɗu sun rasa haruffan nan. Amma da aka duba bakin Larabawa sai aka sami kamar goma tak. Tazarar da ke tsakanin lissafi da abin da aka tarar ita ce ta nuna akwai ƙa'ida a ɓoye, wadda Halilu ya gano da kunnensa da haddarsa.

Bai kamata a ɗora wa malamin abin da bai yi ba. Halilu ya yi ƙirgar jere-jere ne, wadda ita ce harsashi. Shi kansa lissafin yiwuwa an tsara shi ne a Turai, musamman daga wasiƙun da Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi wa juna a 1654 a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse. Daga nan ne misalan caca suka shiga littattafai. Amma ilmin bai zama caca ba don wannan, hasali ma shi ne ke tona asirinta. In an sayar da tikiti 1,000 a kan naira 100 kowane, aka sa kyautar naira 50,000, to, an karɓi 100,000 an mayar da rabi, kowane mai saye ya ba da 100 a kan abin da ƙimarsa 50 ce. Shari'a kuma ta san ƙuri'a ta adalci. Ya tabbata cewa Manzon Allah yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, Alƙur'ani kuma ya ambaci ƙuri'a a ƙissar renon Nana Maryamu da ta Annabi Yunusa. Adalcin ƙuri'a kuwa shi ne kowa ya sami rabo daidai, abin da wannan babi ke aunawa ke nan. Mai wannan lissafi ba ya da'awar sanin gaibu, domin wanda ya ce rabon abu sudusi ne bai faɗi abin da zai fito ba. Sanin wannan na Allah ne shi kaɗai.

Waɗanda suka bi sawunsa

Zubaidi na Andalus ya ruwaito cewa an taɓa kawo wa Halilu wasiƙa da rubutun Yunananci, ya keɓe da ita wata guda har ya warware ta, ta hanyar ƙaddara cewa lalle da sunan Allah aka buɗe ta. An ce daga nan ya rubuta littafi a kan ɓoyayyen rubutu, amma littafin bai iso ga na baya ba. A ƙarni na 3 Alkindi na Bagadaza ya rubuta risala a kan warware ɓoyayyen rubutu ta hanyar ƙirga yawan fitowar kowane harafi, gama a Larabci alif da lam sun fi sauran yawan zuwa. An sami rubutun risalar a Istambul, aka buga ta a Dimashƙa a 1987, masana kuma suna lissafa ta cikin ayyukan farko na ƙididdiga. A Marakish ta ƙasar Maroko, Ibn Mun'im, wanda ya rasu a shekara ta 626, ya koma kan mas'alar Halilu a littafinsa Fiƙhul Hisab, ya faɗaɗa ƙirgar har ta haɗa da wasulla da maimaita harafi.

Rasuwarsa

Ibn Hallikan ya kawo sababin rasuwarsa. Ya ce Halilu ya ƙudura niyyar sauƙaƙa wani nau'in lissafi, yadda ko kuyanga aka aika wurin mai sayar da kaya za ta iya yin amfani da shi, ba zai sami damar cutarta ba. Ya shiga masallaci yana ta wannan tunani, hankalinsa ya tafi, sai ya yi karo da ginshiƙi, ya faɗi rigingine. Wannan faɗuwa ce ta zama ajalinsa. Waɗansu sun ce wani karin waƙa yake aunawa a lokacin. Ya rasu a Basra a shekara ta 170, wasu suka ce 175, watau 786 ko 791 ta Miladiyya.

In ruwayar farko ce ta inganta, to, mutumin da ya ƙi zuwa fadar gwamna ya cika yana neman wa baiwar Allah mai rauni hanyar da za ta tsare 'yan kuɗinta a kasuwa. Wannan bukata ba ta gushe ba. Har yanzu akwai manomin da ake cuta wajen awo, da maraya da ake tauye wa gado don ba mai iya raba sudusi da sumuni a gidansu, da jama'ar da ake karanta wa alƙaluma ba su da hanyar gane na gaskiya. Uban da ɗansa ya kawo masa littafin lissafi ya kamata ya ƙarfafa masa gwiwa, ɗalibin kuma ya riƙe ladabin malamin Basra, ya ƙirga duka tukuna sa'an nan ya yanke hukunci.

Allah ya jiƙan Halilu ɗan Ahmadu, ya saka masa da alheri a kan hidimar da ya yi wa Littafinsa, ya ba 'ya'yan Musulmi ilmi mai amfani da wadatar zuci irin tasa, amin.